Shin manyan birai sun san dalilin abin da suke yi? Tambayoyi da amsoshi

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, wato duk abin da ya faru akwai abin da ya jawo shi. Yaro ɗan shekara uku ya riga ya kama wannan, shi ya sa yake damun iyayensa da "don me". To, dabbobin da suka fi kowace dabba kama da mu fa? Idan cimfanzi ya ɗauki dutse ya fasa ƙwara, ya san nauyin dutsen ne ya yi aikin, ko kuwa hannunsa ne kawai ya saba? Sama da shekara ɗari ke nan masana suna ja-in-ja a kan wannan, kuma gardamar ta haifar da gwaje-gwajen da duk mai son sanin yadda tunani yake aiki zai ji daɗin jin labarinsu.

Waɗanne birai ake nufi da "manyan birai"?

Ba jan biri mai ɓarna a gonar gyaɗa ba ne, ba kuma bika ba. Ana nufin manyan nan marasa wutsiya, waɗanda a bakin mutane duk "goggon biri" ake ce musu: cimfanzi, da bonobo, da gorila, da orangutan. Ukun farko a Afirka suke. Bonobo ma a ƙasa ɗaya tak ake samunsa, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, kudu da kogin Kongo. Orangutan kuwa a tsibiran Borneo da Sumatra yake, kuma sunan nasa a harshen Malay na nufin "mutumin daji".

Mene ne bambancin sabo da fahimtar dalili? Ai duk wanda ya samu abinci ya samu.

Akuyar da ake ba dusa a kwano ɗaya kullum, da ta ji ƙarar kwanon sai ta taho a guje. Ba ta san me ya haɗa ƙarar da dusa ba, ta dai lura cewa tare suke zuwa. Da a ce maimakon kwano tafi ake yi mata, da tafin za ta bi. Wannan shi ne sabo, kuma kusan kowace dabba tana iya shi, har kifi da ƙudan zuma.

Fahimtar dalili ta wuce nan. Wanda ya san abin da ya sa guga take nutsewa idan an ɗaura mata dutse, ranar da babu dutse zai nemi guntun ƙarfe, ba zai ɗaura mata ɓawon rake ba. Don haka masu bincike ba su cika damuwa da ko birin ya ci nasara ba. Abin da suke dubawa shi ne ko zai sake rawa idan kiɗa ya canza. Sukan koya masa matsala, sannan su sauya kamanninta su bar dalilin yadda yake, ko su bar kamannin su cire dalilin, su ga wanne zai bi. Sukan kuma sa ido sosai a kan gwajin farko, domin abin da dabba ta yi tun ba a taɓa ba ta lada a kansa ba, da wuya a ce sabo ne.

Wa ya fara yin irin wannan gwaji?

Wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Wolfgang Köhler. A 1913 aka tura shi tsibirin Tenerife, can gefen gaɓar Maroko, ya shugabanci wata tashar bincike da ke da cimfanzi. Yaƙin Duniya na Farko ya ritsa da shi a can, ya zauna har 1920, kuma ya fitar da sakamakon aikinsa a 1917.

A lokacin, ra'ayin Edward Thorndike na Amurka ne yake tashe. Shi Thorndike kyanwoyi ya riƙa rufewa a akwati mai sakata, ya ga lalube kawai suke yi har su taka abin buɗewa bisa katari, sannan a hankali su saba. Köhler ya ce an yi wa kyanwoyin rashin adalci, tunda an ɓoye musu yadda sakatar take aiki. Shi sai ya shimfiɗa wa birai komai a fili: ga ayaba a rataye, ga akwatuna, ga sanduna.

Wanda ya yi suna a cikinsu shi ne Sultan. An ajiye ayaba a waje da kejinsa, aka ba shi gora biyu, kowace ta yi gajarta. Ya yi sama da awa guda yana fama. Har ya kai ga tura gora ɗaya da ɗayar a ƙasa sai da ta taɓa ayabar, amma ba yadda zai jawo ta. Ya haƙura, ya zauna yana wasa da gorar. Mai kula da shi ne ya ga lokacin da bakin siririyar ya shige cikin ramin mai kaurin. Nan take Sultan ya zabura ya nufi shingen, ya jawo ayabar da doguwar sandar da ya haɗa. Washegari ma cikin ɗan lokaci ya sake haɗa su.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne Köhler ya rubuta gazawarsu filla-filla kamar yadda ya rubuta nasararsu. Biran sun gane cewa ɗora akwati kan akwati yana ƙara tsawo, wata mai suna Grande har huɗu take jerawa. Amma ba su san abin da ke sa gini ya tsaya ba. Sukan ɗora akwati a kan kusurwarsa, ko su bar rabinsa a iska, su haye da sauri su cafke ayabar kafin ya rushe. Wani ma sai ya ɗaga akwatin ya manna shi a jikin bango yana jiran ya maƙale. Köhler ya kira irin wannan "kuskure mai kyau", domin birin ya san abin da yake bukata, wato tsawo, hanyar ce ta ɓace masa. A ganina duk abin da aka gano daga baya yana nan a dunƙule cikin waɗannan akwatunan: sani na gaskiya a wani ɓangare, duhu a wani.

Mene ne "bututun tarko" da ake yawan ambata?

Bututu ne garai-garai da ake ganin cikinsa, a kwance, an huda rami a tsakiyarsa ta ƙasa an sa ɗan kofi. Ana ajiye abinci a ciki kusa da ramin. Dabba za ta zura sanda ta tura abincin ya fito. Idan ta turo daga gefen da bai dace ba, sai ya faɗa ramin, shi ke nan ta yi asara.

Elisabetta Visalberghi ce ta ƙirƙiro shi a birnin Rum, ta fara gwada shi a 1994 da wasu ƙananan biran Kudancin Amurka. Cikin huɗu ɗaya ce ta iya. Da aka juya bututun, ramin ya koma sama inda ba abin da zai faɗa cikinsa, sai ta ci gaba da kauce masa. Ashe wata ƙa'ida ta haddace: zura sanda ta bakin da ya fi nisa da abincin. Shekara guda bayan haka aka gwada cimfanzi biyar, biyu suka iya.

Sai Daniel Povinelli na Jami'ar Louisiana ya ɗauki zancen da ƙarfi. Ya yi shekaru yana gwada cimfanzi bakwai da bututun tarko da wasu matsaloli masu yawa: manjagara mai kan roba da ke lanƙwashewa, manjagara da aka kifa haƙoranta suna kallon sama, igiyar da aka ɗora a kan abinci ba a ɗaure ba. Biran sun sha faɗuwa. Sau da yawa abin da suke dubawa shi ne ko sanda tana taɓa abincin, ba ko za ta iya jawo shi ba. A littafin da ya fitar a 2000 ya yanke hukunci cewa cimfanzi gwani ne wajen lura da abin da ido ke gani, amma ba ya tunani a kan abin da ido ba ya gani, kamar nauyi, da ƙarfi, da abin da ke jan kaya zuwa ƙasa.

To, ashe ke nan ba su fahimci komai ba?

Nan ne labarin ya yi daɗi. Wasu masu bincike suka ce a tsaya, a fara gwada gwajin kansa.

A 2005 Francisco Silva da abokan aikinsa suka ba manyan mutane, ɗaliban jami'a, bututun da aka juya. Mafi yawansu su ma sai suka kauce wa ramin da ke sama. Ba wanda zai ce ɗalibin jami'a bai san abu ba ya faɗawa sama ba. Kawai dai kauce wa ramin ba ya jawo asarar komai, to me zai sa a bar hanyar da ke aiki? Wannan ya rushe babban ginshiƙin hujjar.

A 2006 Nicholas Mulcahy da Josep Call suka faɗaɗa bututun yadda biri zai iya jawo abincin zuwa gare shi maimakon ya tura shi. Kowa ya san dabba ba ta son tura abinci nesa da bakinta. Kusan duk biran sai suka zaɓi jawowa, kuma 'yan kaɗan da suka warware matsalar sun yi haka da sauri fiye da na baya. Da aka juya ramin sama, sai suka daina kula shi.

Sannan a 2009 Amanda Seed ta cire sandar gaba ɗaya. Ta yi akwati mai ƙananan ƙofofi da cimfanzi zai zura yatsa ya gangaro da abincin. Cimfanzi takwas ta gwada, duka takwas suka koyi kauce wa tarkon. Ɗaya daga cikinsu har ta warware wasu sababbin akwatuna biyu da ba su da wata alama iri ɗaya da ido zai riƙe.

Me wannan yake nunawa? Cewa tsohon gwajin kaya uku ya ɗora wa birin a lokaci ɗaya: ya sarrafa sanda, ya danne zuciyarsa ya tura abinci nesa, ya kuma tuna da rami. Idan ya faɗi, ba a san wanne ne ya kayar da shi ba. Mai koyon tuƙi ya san ba a faɗawa kwata, amma ranar farko da yake fama da giya da kuloci zai iya faɗawa. Ni dai ina ganin an yi gaggawar yanke wa biran nan hukunci. Amma Povinelli ya yi wa fagen babban amfani, domin shi ya tilasta wa kowa ya daina ɗaukar kowace nasara a matsayin fahimta.

Wane gwaji ne ya fi ba masana mamaki?

Gyaɗa mai iyo. A gidan namun daji na Leipzig da ke Jamus akwai cibiyar bincike da aka sa wa sunan Köhler. A can, a 2007, Natacha Mendes da Daniel Hanus da Josep Call suka kafa siririn bututu a tsaye, suka ɗaure shi gam, suka jefa gyaɗa a ciki tana iyo a kan ɗan ruwa can ƙasa inda yatsa ba ya kai wa. Babu sanda, babu komai. Orangutan mata biyar aka gwada. Kowaccensu, tun a karon farko, ta je famfon shan ruwansu ta guntso ruwa, ta dawo ta tofa a bututun, ta koma ta sake guntsowa, har gyaɗar ta taso. A karon farko sun ɗauki kimanin minti tara, a na ƙarshe kusan daƙiƙa talatin.

Abin lura shi ne guntsar farko ba ta kawo gyaɗar hannu. Sai an yi sawu da yawa ba tare da lada ba. Kuma ruwan da ke cikin famfon ba a ganinsa, sai birin ya tuna da shi.

Da aka faɗaɗa gwajin a 2011, sai wani abu ya fito. Wasu cimfanzin tsibirin Ngamba da ke Yuganda sun iya, amma na Leipzig sun kasa. Sai aka kafa musu sabon famfo, ba wanda suka saba sha a ciki ba, sai ga wasunsu sun warware matsalar. Tsohon famfon ya zauna musu a kai a matsayin wurin kashe ƙishirwa kaɗai, sabo ya zama turke. Mu ma haka muke: mutum zai yi ta neman guduma alhali ga taɓarya a jingine. An gwada yara ma. 'Yan shekara huɗu kusan duk sun kasa, sai wajen shekara takwas ne da yawa suka iya.

Za su iya gano abin da ke ɓoye ta hanyar alamarsa?

Suna iyawa, kuma a nan ne hujja ta fi ƙarfi. Josep Call ya ɗauki kofi biyu a rufe, ɗaya da abinci. Idan ya girgiza mai abincin ya yi ƙara, birai da yawa sukan zaɓe shi. Wasu kuma, idan ya girgiza wanda babu komai aka ji shiru, sai su nuna ɗayan, wanda ba a ma taɓa ba. Amma da ya riƙa ƙwanƙwasa kofin mai abinci da yatsa, ko ya kunna ƙarar da aka naɗa a rikoda, ba su bi alamar ba, ko da yake kullum tana nuna inda abincin yake. Da sabo ne kawai, ƙara ai ƙara ce.

Hanus da Call sun yi irin wannan da sikeli a 2008. Kofi biyu a kan sikeli mai daidaito, aka ɓoye ayaba a ɗaya ba tare da cimfanzin ya ga wanne ba, sai gefe guda ya rinjaya. Tun daga gwajin farko suka zaɓi kofin da ya yi ƙasa. Da mai gwajin ya danna sikelin da hannunsa, ko aka ɗora kofunan a kan katakon da dama a karkace yake, sai fifikon ya ɓace. Haka kuma idan aka ɓoye abinci a ƙarƙashin ɗaya daga faifan katako biyu, sukan zaɓi wanda ya ɗago.

Darasin da ke maimaita kansa shi ne: alamar da ke da alaƙa ta gaskiya da abincin sukan kama ta da wuri, wani lokaci nan take. Alamar da mutum ya ƙaga, kamar launi ko zane, sai an yi ta maimaitawa, wani sa'in ma ba su koya.

Duk wannan a keji ne. A daji fa?

A daji ne ma aka fi ganin gwaninta. A 1960 Jane Goodall ta ga wani cimfanzi a Gombe ta Tanzaniya, ba Gomben Najeriya ba, yana zage ganyen tsinke yana zura shi a shuri yana fito da gara. Daga baya aka gano abin ya fi haka zurfi. A dajin Goualougo na Jamhuriyar Kongo, Crickette Sanz da David Morgan sun ɗauki hotunan cimfanzi suna zuwa da kayan aiki iri biyu: sanda mai kauri ta huda ƙasa, wadda har da ƙafa suke danna ta kamar mai haƙa da shebur, da kuma siririn kara na kamun garar. Sukan tattauna bakin karan da haƙori ya zama kamar asuwaki, kuma an auna an ga mai bakin asuwakin ya fi kamo gara.

A dajin Taï na Kwaddibuwa, inda Christophe Boesch da Hedwige Boesch suka fara aiki a 1979, cimfanzi na fasa ƙwara da guduma. Mai taushin ɓawo sukan fasa ta ko da guntun icce, amma akwai wata mai tsananin tauri da sai dutse, kuma dutse yana da wuya a dajin, don haka sukan ɗauko shi daga nesa. An ga suna auna nauyin guduma da taurinta da nisan da za su ɗauke ta kafin su zaɓa. Masu haƙar tarihi sun tono duwatsun fasa ƙwara a Taï da suka kai shekara 4,300.

A Bossou ta ƙasar Gini, ƙwarar kwakwar manja suke fasawa da dutse biyu, ɗaya guduma ɗaya maƙera. Idan maƙerar tana rawa, an ga wasu suna cusa dutse na uku a ƙarƙashinta ya tokare ta. A Fongoli ta Senegal kuwa, Jill Pruetz ta ba da rahoto a 2007 cewa suna karya reshe su fiƙe bakinsa da haƙori, su soka shi a kogon bishiya don kama wata ƙaramar dabba mai manyan idanu da ke kwana a ciki da rana. Mata ne suka fi yin haka.

Orangutan kuma kullum da yamma sai ya yi gadon kwana a saman bishiya. Binciken da aka yi a Sumatra ya nuna rassa masu kauri yakan karya su rabi ya bar su a maƙale ya saƙa su zama ƙashin gadon, sirara kuma ya tsinke su gaba ɗaya ya yi shimfiɗa.

Da wannan ilimin ake haihuwarsu, ko koya suke yi?

Koya suke yi, kuma a hankali. Ɗan cimfanzin Bossou yakan yi shekaru yana zaune gefen uwarsa. Ya ɗora ƙwara a kan dutse ya buga da tafin hannu, ya buga dutse a kan dutse babu ƙwara, ya ɗora ƙwara a ƙasa ya taka. Duk guntayen aikin yana da su, haɗa su a jere ne wahala. Sai wajen shekara uku da rabi yake fara fasawa, gwaninta kuwa sai bayan wasu shekaru. Uwar ba ta kama hannunsa ta nuna masa ba, amma tana barinsa ya leƙa har ya ɗauki abin da ta fasa.

A 1993 masu binciken Japan ƙarƙashin Tetsuro Matsuzawa suka kawo wa cimfanzin Bossou wata ƙwara da babu ita a yankinsu. Manyan suka shinshina suka bar ta, ban da wata mai suna Yo, wadda ta hau fasawa ba tare da jinkiri ba. Ana kyautata zaton daga wata ƙungiyar ta yi ƙaura, inda ta san ƙwarar tun tana ƙarama. Yara suka kewaye ta suna kallo, ba da daɗewa ba biyu daga cikinsu suka fara.

Kilomita shida kacal daga Bossou, a tsaunukan Nimba, akwai wasu cimfanzin da ba su fasa ƙwara. Kathelijne Koops ta ajiye musu ƙwara da duwatsu, har da wadda aka riga aka fasa, ta kafa kyamara na watanni. Suka zo suka dudduba, ba wanda ya fasa. Ƙwaƙwalwa iri ɗaya, daji iri ɗaya, abin da suka rasa shi ne wanda za su gani yana yi.

Akwai irin waɗannan birai a Najeriya?

Akwai, kuma abin takaici ne yadda kaɗan ne cikinmu suka sani. A gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa kuma shi ne mafi girma a ƙasar, akwai nau'in cimfanzin da a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa. Shi ne mafi ƙarancin yawa cikin nau'o'in cimfanzi huɗu, ƙiyasin waɗanda suka rage bai kai dubu goma ba. Ana kuma samunsu a dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila. A jihar Kuros Riba akwai gorila.

Volker Sommer da Andrew Fowler da abokan aikinsu sun tattara kayan aikin da cimfanzin Gashaka suke yarwa bayan sun gama. Sun sami sanduna masu ƙarfi na haƙar gidan ƙananan ƙudan zuma marasa harbi, da sirara na lakato zumar, da kuma dogaye na tsoma wa kwarkwasa, wadda kowa ya san cizonta, don haka tsawon sandar yana da dalili. Abin mamaki, ba su cin gara, abincin da na Gombe suka yi suna a kansa. A dajin Ebo na Kamaru kuma an ba da rahoto a 2006 cewa suna fasa ƙwara, alhali kafin nan an ɗauka na can yammacin Afirka ne kaɗai suka iya. Kowace ƙungiya da irin sana'arta, kuma tunda gani da ido ne yake watsa ta, ƙungiyar da aka ƙarar da ita ta tafi da abin da ta sani.

Idan aka kwatanta su da yara, wa ya fi?

Ya danganta da abin da aka tambaya. A 2007 Esther Herrmann ta yi wa yara 105 'yan shekara biyu da rabi, da cimfanzi 106, da orangutan 32 jarrabawa iri ɗaya. A fannin abubuwa, wato wuri da yawa da dalili, yaran da cimfanzin kusan kunnen doki suka yi. A fannin mu'amala, wato koyo daga wani da gane nufinsa, yaran suka yi musu nisa.

Gwajin Victoria Horner da Andrew Whiten na 2005 ya fi wannan jan hankali. Sun nuna wa ƙananan cimfanzin Ngamba da yara 'yan shekara uku zuwa huɗu yadda ake ciro lada daga wani baƙin akwati: a zare sakata a sama, a zura sanda a bubbuga, sannan a buɗe ƙofar gaba a ciro. Duka suka kwaikwaya. Sai aka kawo akwati iri ɗaya amma garai-garai, inda ake ganin cewa ramin saman a toshe yake, bubbugawar aikin banza ce. Cimfanzin suka tsallake ta suka nufi ƙofar gaba. Yaran suka ci gaba da yin komai yadda aka nuna musu.

Kada a ce yaran sun yi wauta. Yaron da aka kai koyon ƙira ko jima yana bin matakan maigidansa tun kafin ya gane amfanin kowanne, kuma da haka ne sana'ar da dalilanta suke ɓoye take wucewa daga hannu zuwa hannu. Cimfanzi yana ɗaukar abin da idonsa ya tabbatar masa ne kaɗai.

To, ina iyakar fahimtarsu take?

Wuri biyu ake ganinta a fili. Na farko, ilimin nasu ba ya saurin tsallakawa daga matsala zuwa 'yar'uwarta. An sami biran da suka ƙware a bututun tarko, amma da aka ba su tebur mai rami, wanda dalilinsa ɗaya ne, sai suka koma kamar sababbi.

Na biyu, ba su cika neman dalilin abin da ya ƙi ba. Povinelli da Sarah Dunphy-Lelii sun koya wa yara da cimfanzi tsayar da guntayen katako a kan tebur. Sai suka saka wani na bogi da aka ɓoye wa nauyi a ciki, wanda ba zai taɓa tsayawa ba. Yara 'yan shekara biyar da yawa suka juya shi, suka duba gindinsa, suka shafa. Cimfanzin suka yi ta tsayar da shi yana faɗuwa, suna sake tsayarwa. Wannan sakamakon na ɗauke shi da muhimmanci, domin ba sanda a ciki, ba kuma tura abinci nesa.

Labarin Kanzi ma yana nan. Bonobo ne da ya tashi cikin mutane a Amurka, ya mutu a 2025. A 1990 Nicholas Toth da Kathy Schick suka nuna masa yadda ake fasa dutse da dutse a sami ɓantare mai kaifi, don ya yanke igiyar da ta ɗaure akwatin abinci. Ya gane amfanin kaifi sarai, har yakan gwada bakin ɓantaren da harshe. Amma dukan da ake yi a daidai kusurwa ya ba shi wuya, sai ya ƙirƙiro tasa hanyar: ya ɗaga dutsen ya maka shi a daɓe mai tauri, ya tsinci mai kaifi cikin tarwatsattsun.

Gaskiya ne gorila ya fi sauran ƙarancin basira?

A gwaje-gwajen kayan aiki ba ya cika yin fice, a gyaɗa mai iyo ma ba gorilar da ta iya. Amma abincinsa ganye ne da ɓargon tsirrai, kuma yana da ƙarfin da zai farke abin da cimfanzi sai ya nemi sanda. Idan bukata ta taso yakan nuna abin da ya sani. A Mbeli Bai ta Jamhuriyar Kongo, Thomas Breuer ya ɗauki hoton wata gorila mai suna Leah da ta shiga kududdufi ruwa ya kai mata ƙugu. Ta fito, ta sake shiga ta ciro wani reshe, tana dogara shi a gabanta tana auna zurfi. An wallafa wannan a 2005.

A Ruwanda kuma, mafarauta sukan tanƙwaro reshe su ɗaura masa zarge su rufe da ganye don kama gada, amma yakan kama 'ya'yan gorila. A 2012, kwanaki kaɗan bayan irin wannan tarko ya yi sanadin mutuwar wata 'yar gorila, ma'aikatan cibiyar binciken gorila ta Karisoke suka ga wasu ƙanana biyu 'yan kimanin shekara huɗu, Rwema da Dukore, sun nufi wani tarko. Ɗaya ya daka tsalle ya hau tanƙwararren reshen ya karya shi, ɗayan ya warware zargen. Suka hango wani tarkon da ma'aikacin bai ma gani ba, wani na uku ya zo ya taya su, suka lalata shi shi ma. Reshen suka fara karyawa, ba igiyar suka fara taɓawa ba.